Mota Mai Ƙarfi da Idon Ɓarawo: Abubuwan Lura Kafin a Saya

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Ɗambatta ranar Lahadi, ranar da kasuwar garin ke ci, zai ga motoci iri-iri. Akwai manyan motocin ɗaukar shanu da hatsi, akwai ƙananan motocin haya masu kai da komo tsakanin Kano da Kazaure da Daura. Jefi-jefi kuma sai wata mota ta daban ta gifta, mai sheƙi da gurnani, wadda yara kan bi da kallo har ta ɓace. Irin wannan ita ce mota mai ƙarfi, wato wadda aka ƙera injinta domin saurin ɗaukar wuta da tsananin gudu. Galibi injin nata mai silinda 6 ne ko 8, ko kuma mai na'urar turbo da ke cusa masa ƙarin iska. Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira ƙarfin doki, wanda kowane ɗaya ya yi daidai da wat 746. Peugeot 504 da aka saba gani a titunan ƙasar nan ƙarfinta bai kai doki 100 ba, alhali kuwa a yau akwai motocin hawa masu doki 300, wasu ma har 700.

Mai niyyar sayen irin wannan mota yakan yi tambaya a kan shan manta, da samuwar kayan gyaranta, da ko ƙasanta zai jure hanyar karkara. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce: wane ne kuma ke son wannan motar ban da mai sayenta? Wannan maƙala za ta nuna cewa tsaron mota yana farawa ne tun daga ranar da aka zaɓe ta, tun kafin a kai ga sayen kwaɗo ko ɗaukar mai gadi. Haɗarin kuma fuska biyu gare shi: a sace wa mutum motarsa, ko kuwa shi ya sayi wadda aka sato ba da saninsa ba.

Yadda ɓarawo ke zaɓen mota

A shekarar 1979 wasu masana halayyar jama'a biyu na Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka bayyana cewa sata ba ta aukuwa sai abubuwa uku sun haɗu a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya: mai niyyar yin ta, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai sa ido. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai mota ba shi da iko a kan niyyar ɓarawo, amma yana da iko a kan sauran abubuwan biyu.

Ɓarawon mota ɗan kasuwa ne a irin tasa hanyar, domin lissafi yake yi kafin ya taɓa ƙofa. Yana duba ko akwai mai saye a shirye, da yawan mintunan da zai ɓata kafin injin ya tashi, da yawan idanun da za su gan shi. Dalilan satar kuwa sun kasu kashi huɗu. Akwai motar da ake sacewa domin a tsallaka da ita wata ƙasa a sayar. Akwai wadda ake wargajewa a sayar da inji daban, giya daban, ƙofofi da fitilu daban. Akwai wadda ake ɗauka domin a yi wani laifin da ita, kamar fashi ko garkuwa da mutane. Akwai kuma wadda samari kan ɗauka domin wasan mota kawai, su yar da ita in mai ya ƙare.

Mota mai ƙarfi ta shiga cikin dukkan kason nan huɗu, kuma a nan bambancinta yake da sauran motoci. Alƙaluman ƙasashen da ke ajiye lissafi sun tabbatar da haka. Cibiyar HLDI ta Amurka, mai tattara bayanan kamfanonin inshora, ta ba da rahoto a 2023 cewa ana neman diyyar satar Dodge Charger SRT Hellcat ƙirar 2020 zuwa 2022 fiye da sau 60 bisa matsakaicin sauran motocin hawa. Wannan mota ce mai ƙarfin doki sama da 700. A rahoton cibiyar na 2025, wata mota mai ƙarfi, Chevrolet Camaro ZL1, ita ce ta zo a kan gaba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka tsada kaɗai ce ke jawo ɓarawo. A Nijeriya motar da ta fi yawa a titi ita ce ta fi sauƙin ɓacewa cikin 'yan'uwanta, kuma kayanta ne suka fi saurin shiga a kasuwannin kayan gyara. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sai 504 da 505 suka zama motocin gwamnati da na 'yan kasuwa, suka kuma zama abin farautar 'yan fashi. Lawrence Anini da yaransa, waɗanda suka addabi birnin Benin a 1986 kafin a harbe shi a watan Maris na 1987, da motocin da suka ƙwace suke aikinsu. A yau Toyota da Lexus da Honda da Mercedes ne suka gaji wannan matsayi. Hilux da Land Cruiser kuma suna da tasu kasuwar ta musamman a ƙasashen bakin Sahara, saboda jure rairayi da doguwar tafiya.

Inda Ɗambatta take

Wurin da mota ke zama yana cikin lissafin haɗarinta. Ɗambatta tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Daura, daga can kuma zuwa kan iyakar Kwangwalam da Jamhuriyar Nijar. Wata hanyar ta ɓalle daga garin ta nufi Ɓaɓura, wadda ita ma a bakin iyaka take. Ban da waɗannan akwai hanyoyin burji da na shanu masu yawa da suka ratsa gonaki. Wannan kusanci alheri ne ga fatauci, amma yana rage lokacin da mai mota ke da shi bayan an yi masa sata.

Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 120 a sa'a tana cin kilomita 2 a kowane minti. Idan mutum ya shiga sallar Juma'a ko ya kutsa cikin kasuwa bai fito ba sai bayan minti 30, motarsa za ta iya yin nisan kilomita 60 kafin ya san an ɗauke ta. In kuwa da dare aka ɗauka, ba a farga ba sai da asuba, to ta riga ta bar jihar, wataƙila ma ta bar ƙasar. Gudun da mai motar ya biya kuɗi dominsa, a wannan lokacin ɓarawo yake yi wa aiki. Matsalar tsallaka iyaka da motocin sata ta taɓa kai wa gwamnatin Shugaba Obasanjo iya wuya, har ta rufe kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin na 'yan kwanaki a watan Agusta na 2003.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙasar Ɗambatta tana da wata kariya da manyan birane ba su da ita. Ƙauyuka da unguwanni a kusa da juna suke, gona na manne da gona, kuma kowa ya san motar wane da direban wane. Baƙuwar fuska a sitiyarin motar da aka sani takan ja hankali nan da nan. Sai dai wannan sanayya takobi ce mai kaifi biyu, domin motar da babu irinta a duk gundumar tana sanar da kowa cewa mai ita yana da abin hannu, tana kuma bayyana inda yake a kowane lokaci. Haka nan ginin gidajen gargajiya, mai zaure da ƙunƙuntar ƙofa, ba a yi shi domin mota ba. Saboda haka motoci da yawa a waje suke kwana, a gindin darbejiya ko a bakin masallaci. Wanda bai tanadi wurin kwanan mota ba, bai gama shirin sayenta ba.

Daga makullin ƙarfe zuwa makullin lantarki

A tsofaffin motoci, makulli guntun ƙarfe ne mai haƙora. Aikinsa biyu ne: ya saki sitiyari, ya kuma haɗa wutar batir da sauran sassan inji. Motar ba ta da hanyar sanin ko mai ita ne ya juya shi ko wani. Da zarar haƙoran ciki sun lashe saboda tsufa, makullin wata motar ma yana iya buɗe ta. Wannan ne ya sa ɓarayin wuraren taro, kamar masallatai da gidajen biki da asibitoci, suka fi yi wa tsofaffin motoci ɗauki ɗai-ɗai.

A tsakiyar shekarun 1990 aka fara yawaita wata na'ura da ake kira imobilaiza, wato mai hana inji tashi. A cikin baƙin kan makullin akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, kuma ba ta da batir. A kewaye da ramin makullin akwai naɗin waya. Idan aka zura makulli, naɗin wayar yakan fitar da igiyar maganaɗisu mai kaɗawa kimanin sau 125,000 a daƙiƙa. Ƙwayar takan samu ɗan ƙarfin lantarki daga wannan igiyar, sai ta mayar da amsa da wata lambar sirri. Kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ke duba lambar. In ta yi daidai sai ta saki mai da wutar filogi. In ba ta yi ba, ko an juya makullin injin ba zai kama ba.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta sanya wannan na'ura a sababbin motoci daga 1998, Ostareliya ta bi sahu a 2001, Kanada kuma a 2007. Wasu masana tattalin arziki biyu na ƙasar Holan, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun wallafa bincike a 2016 wanda ya kiyasta cewa na'urar ta rage satar motoci da kimanin kashi 40 cikin 100. Amurka kuwa ba ta wajabta ba, kuma an ga sakamakon haka. Motocin Hyundai da Kia masu yawa da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021, waɗanda ake tayarwa da makullin ƙarfe, ba su da imobilaiza. A ƙirar 2015, kashi 26 cikin 100 ne kawai na motocin kamfanonin biyu ke da ita, alhali na sauran kamfanoni kashi 96 ne. Da matasa suka gano haka suka yaɗa a TikTok daga 2021, sai satar waɗannan motoci ta zama annoba a biranen Amurka. Wannan labari ya shafi mai saye a Kano kai tsaye, domin kaso mai yawa na motocin gwanjo da ke shigowa Nijeriya daga Amurka suke fitowa.

Akwai kuma wata ɓaraka ta cikin gida. Idan makulli ya ɓace, ko aka sauya inji, ko na'urar ta fara gardama, wasu masu aikin wayarin mota kan kashe ta gaba ɗaya domin a huta. Motar za ta ci gaba da tashi lafiya, mai ita kuma ba zai san an cire mata mai gadinta ba. Don haka wajibi ne mai saye ya sa ƙwararre ya tabbatar masa cewa na'urar tana nan kuma tana aiki. Ya kuma tambayi makullai nawa kwamfutar motar ta sani. In ta san uku aka ba shi ɗaya, to biyu suna hannun wasu, kuma ana iya goge su daga ƙwaƙwalwar motar.

Makullin da ba a zurawa

Yawancin motoci masu ƙarfi na zamani ba a zura masu makulli. Mutum yakan bar shi a aljihu, ya kama hannun ƙofa ta buɗe, ya danna maɓalli injin ya tashi. Yadda abin ke aiki shi ne, motar tana aika wani kira mai rauni wanda ba ya wuce mita ɗaya ko biyu. In makullin ya ji kiran sai ya amsa da igiyar rediyo mai megahaz 315 ko 433. Motar takan ɗauka cewa tunda makullin ya ji ta, to yana kusa da ita.

A nan raunin yake. A shekarar 2011 masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan motoci 10 na kamfanoni 8. Sun nuna cewa ana iya ɗaukar kiran motar a miƙa shi zuwa inda makullin yake a nesa, kamar yadda lasifika ke kai muryar mai magana ƙarshen fili. Duk motocin goma sun buɗe, sun kuma tashi. Ɓarayi a Turai da Amurka sun daɗe da mayar da wannan dabara sana'a: ɗaya ya tsaya jikin mota, ɗaya ya tsaya jikin bangon gida, makullin da ke rataye a ɗaki ya amsa kira, mota ta tafi ba a fasa gilashi ba.

Maganin wannan ya girmi motar kanta. A 1836 masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa rufaffen akwatin ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga tasirin lantarkin waje. Saboda haka makullin da aka sa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, irin na madarar gari, ba zai ji kiran mota ba. Gwada shi ba wuya: a rufe makullin a gwangwani, a tsaya da shi jikin mota, a ja ƙofa. In ta buɗe, gwangwanin bai rufu da kyau ba, sai a nemi wani. Wasu sababbin makullai suna kashe kansu in sun daɗe a ajiye ba motsi. Wasu motocin kuma suna auna lokacin da amsar makulli ta ɗauka kafin ta dawo, tunda igiyar rediyo tana cin kimanin santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, ta haka sai su gane ainihin nisansa. Yana da kyau mai saye ya bincika ko motar da yake so tana da ɗaya daga cikin waɗannan.

Hanya ta biyu ita ce ta jijiyoyin motar. Motar zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa da ke magana da juna ta wasu wayoyi biyu, bisa wani tsari mai suna CAN wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. An tsara shi ne a zamanin da ba a zaci wani baƙo zai sa baki a maganar ba, don haka a motoci da yawa ba a tantance wanda ya aiko da saƙo. A 2023 wasu masana tsaron kwamfutar mota biyu a Ingila, Ian Tabor da Ken Tindell, suka bayyana yadda aka sace wata Toyota RAV4 ta hanyar kaiwa ga waɗannan wayoyi ta bayan fitilar gaba. Haka nan soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda bakanike ke jona kwamfutarsa domin gano ciwon mota, ta nan ake koya wa mota sabon makulli. Duk wanda aka bar wa mota da makullinta na tsawon yini, a gareji ko a wurin wanki, an ba shi amana babba. Wannan ne ya sa tsohon ƙarfen nan da ake ɗaure sitiyari ko feda da shi ya dawo da darajarsa, domin ɓarawon da ya zo da kwamfuta ba lalle ne ya zo da zarto ba.

Na'urar bin sawu

Na'urar bin sawu, wadda aka fi sani da tiraka, ba ta hana sata, taimakawa take yi a gano mota bayan an ɗauke ta. Sassa biyu gare ta. Na farko yana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Idan ya ji aƙalla huɗu daga cikinsu, yakan lissafa inda yake. Na biyu layin waya ne, irin wanda ya shigo Nijeriya a 2001, shi ke aika wa mai motar da labari.

Daga wannan bayani za a ga iyakarta. Inda babu sabis, ko layin ya mutu saboda rashin biyan kuɗi, ko motar ta tsallaka iyaka da layin da ba ya aiki a Nijar, na'urar ta san inda take amma ba ta da bakin faɗa. Ɓarayi kuma sun san wuraren da masu sanyawa suka saba ɓoye ta, wasunsu ma suna yawo da na'urar toshe sigina. Saboda haka na'urar da ta dace da mazaunin yankin Ɗambatta ita ce mai nata batirin, mai yin ƙara a wayar mai ita da zarar motar ta motsa ko an cire batir, mai layin da ke aiki a ƙetaren iyaka. Masu hali kan sanya biyu a wurare daban-daban. In kuma na'urar ta nuna inda motar take, aikin 'yan sanda ne su je, ba na mai mota da 'yan'uwansa ba.

Gudu ba kariya ba ne

Da yawan masu sayen mota mai ƙarfi sukan ce in 'yan fashi suka biyo su, gudu zai fisshe su. Kimiyya ba ta goyi bayan wannan zato ba. Ƙwacen mota galibi a inda mota ta tsaya ko ta rage gudu ake yin sa: a ƙofar gida lokacin jiran a buɗe get, a wurin ramuka, ko a shingen ƙarya. A irin waɗannan wurare doki 400 da doki 90 duk ɗaya ne. Sannan ƙarfin da ke cikin mota mai tafiya yana ninkuwa huɗu ne in gudunta ya ninka biyu. Motar da ke kilomita 160 a sa'a tana cin mita 44 a kowace daƙiƙa, kuma tana buƙatar ninki huɗu na tazarar da mai kilomita 80 ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita. A hanyar da shanu da amalanke da babura da 'yan makaranta ke tsallakawa, wannan gudu ya fi ɗan fashi haɗari.

Wani abin lura shi ne, yayin da motoci suka ƙara wuyar sata a ajiye, sai wasu ɓarayin suka koma neman makullin a hannun mai shi. Shawarar jami'an tsaro a ko'ina iri ɗaya ce: in an nuna makami, a ba da mota. Ana sayen wata motar, ba a sayen wani ran.

Motar da aka riga aka sato

Fuska ta biyu ta haɗarin ita ce wadda aka fi mantawa da ita. A Kanada an sace motoci sama da 105,000 a 2022, kuma bincike ya nuna cewa da yawa ana loda su a kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Montreal zuwa Afirka ta Yamma da Gabas ta Tsakiya. Manyan motoci masu tsada da ƙarfi su ne kan gaba. A watan Satumba na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Nijeriya. Wanda aka samu irin wannan mota a hannunsa yakan rasa mota ya rasa kuɗi, sannan ya sha tambayoyi, domin karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar ƙasa. Har ila yau, bayan da gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu a ranar 1 ga Janairu, 2017, motoci da dama sun shigo ta ɓarauniyar hanya ba tare da takardar kwastan ta gaskiya ba.

Makamin mai saye a nan shi ne lambar shasi, wadda a duniya ake kira VIN. Tun daga 1981 lambar take da harufa da alƙaluma 17, kuma ba a amfani da harufan I da O da Q a cikinta, gudun kada a rikita su da 1 da 0. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, K Koriya ta Kudu, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka, harafi na 10 yana nuna shekarar ƙira, alal misali 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Ana samun lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da kan ƙarfen shasi, kuma a motocin zamani tana rubuce a cikin kwamfutar inji. Dole ne duk su zo ɗaya, su kuma dace da ta takardu. Alamar walda ko sabon fenti ko kankara a kusa da lambar dalili ne na fasa ciniki.

Bayan haka sai a tantance takardar biyan kuɗin fito a ofishin kwastan, a duba lambar rajista a wurin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a kuma nemi 'yan sanda su duba rajistarsu ta motoci, tunda suna da hanyar tuntuɓar kundin motocin sata na Interpol. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a biya ta banki. Motar da aka karya wa farashi fiye da kima, mai ita kuma yana gaggawa, ita ce ta fi cancantar bincike, domin araha ba ta ado.

Kuɗin da ba a gani

Inshorar dole da yawancin masu motoci ke yanka, wadda hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da mota ta yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Ke nan motar naira miliyan 40 za ta ci aƙalla miliyan 2 a shekara. Ga wanda ke ƙyamar inshorar da aka saba, akwai kamfanonin takaful masu bin tsarin Musulunci. A ƙara da kuɗin gina gareji, da na'urar bin sawu, da ladan mai gadi. Akwai kuma satar sassa, kamar madubin gefe, da ƙwaƙwalwar mota, da tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ake kuma sacewa saboda ma'adanai masu tsada irin su filatinam da ke cikinta. Sassan mota mai ƙarfi sun fi tsada, sun kuma fi wuyar samu ko a kasuwar Ƙofar Ruwa. Zana lambar mota a jikin gilasai da fitilu da madubai yana rage masu daraja a wurin mai sayen kayan sata.

Kammalawa

Babu motar da ba ta satuwa, kuma babu na'ura ɗaya tilo da ta isa kariya. Abin da kowane mataki ke yi shi ne ƙara wa ɓarawo minti da hayaniya da idanu, har lissafinsa ya nuna masa babu riba. Saboda haka kafin a biya kuɗi, ya kamata mai saye ya samu amsar tambayoyi biyar. Yaya kasuwar wannan mota da ta kayanta take a wurin ɓarayi? Tana da imobilaiza mai aiki, kuma makullai nawa ta sani? Lambar shasinta da takardunta sun tantance? A ina za ta riƙa kwana? In ta ɓace, wa zai biya? Wanda ya amsa waɗannan ya ga har yanzu yana iyawa, to ya sayi motarsa da kwanciyar hankali. Wanda kuwa ya ga amsoshin sun fi ƙarfinsa, mota mai matsakaicin ƙarfi wadda ba ta jan ido za ta kai shi Kano ta dawo da shi Ɗambatta lafiya, ta kuma kwana inda ya ajiye ta.